Sabar da Doki da Sabon Gida

Sabar da doki da sabon gida na nufin kulawar da ake yi wa doki a makonnin farko bayan an sayo shi ko an canza masa barga, har ya natsu, ya ci, ya sha, ya saki jiki da mutane da dawakan da ya tarar. Doki dabba ce ta garke, kuma a asalinsa abin farauta ne, don haka tsaronsa yana rataye ne da abin da ya sani: ƙamshin wuri, muryar mai ba shi abinci, da abokan kiwonsa. Ranar da aka ɗauke shi, duk waɗannan sun yanke a lokaci guda. Aikin mai doki shi ne ya rage yawan abubuwan da ke canzawa tare, ya bar wa dokin duk abin da zai iya bari na tsohon gidansa.

Saukowa daga mota

Doguwar tafiya tana gajiyar da doki fiye da yadda ake zato, domin a tsaye yake yin ta, yana dogara ƙafafu a kowace kwana. Idan aka ɗaure kansa sama na awoyi da yawa, majina da ƙura ba sa samun hanyar fita, kuma hakan kan kai ga ciwon huhu da ke bayyana kwana ɗaya zuwa uku bayan isowa. Shi ya sa ake auna zafin jikinsa safe da yamma. Na lafiyayyen babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salsiyos. Da zarar ya wuce haka, ko doki ya fara tari, a kira likitan dabbobi.

Killacewa

Ana ware baƙon doki na mako biyu zuwa uku, da bokitinsa da ragamarsa da burushinsa daban. Babban abin gudu shi ne murar dawakai da cutar kumburin kaluluwar maƙogwaro wadda ƙwayar Streptococcus equi ke haddasawa, mai iya ɓuya kwana 3 zuwa 14 kafin ta nuna alama. Amma killacewa ba kurkuku ba ce. Dokin da aka kulle inda ba ya ganin kowa yakan yi ta haniniya, yana zagaya ɗaki har gumi ya jiƙa shi. Gara a ajiye shi inda zai hangi 'yan uwansa daga nesa ba tare da hanci ya taɓa hanci ba.

Abinci da ruwa

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma sau da yawa ƙauna ce ke jawo shi: sabon mai doki yana so ya karrama baƙonsa, sai ya cika masa kwano da hatsin da bai saba ci ba. Cikin doki ba ya son haka. Ƙananan halittun da ke babban hanjinsa su ne ke narkar da ciyawa, kuma sun saba da irin abincin da yake ci. Canjin gaggawa yana birkita su, ya kawo zawo ko murɗawar ciki, ga shi doki ba ya iya amai. Abin da ya dace shi ne a taho da ingirici da abincin tsohon gida, a riƙa gauraya su da sabon kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 14.

Ciyawa kuwa kada ta yanke a gabansa. Tumbinsa ƙarami ne, yana fitar da ruwan narkar da abinci mai tsami dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba, don haka yunwa haɗe da fargaba kan buɗe ƙofar gyambon ciki. Yana buƙatar busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a kullum, wato kilo 7.5 zuwa 10 ga doki mai kilo 500.

Ruwa ma yana da ɗanɗano a bakin doki. Za ka ga ya sunkuyar da kai cikin bokiti, ya shinshina, ya hura hanci, ya ɗaga kai bai kurɓa ba. Dokin da kan sha lita 25 ko fiye a rana, idan ya ƙi sha, kashinsa zai bushe, hanji ya toshe. Wasu kan taho da jarkokin ruwan tsohon gida su gauraya. A ba shi a bokiti maimakon babban kwami, domin a san adadin da ya sha.

Shiga garke

Dawakai suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kuma baƙo sai ya nemi gurbinsa. Ana farawa da gaisuwa ta kan shinge mai ƙwari, sannan a haɗa shi da doki ɗaya mai sanyin hali, daga baya sauran. Filin ya zama mai faɗi, ba lungun da za a ritsa shi, a kuma baza ciyawa tsibi-tsibi fiye da adadin dawakan. Kwantar da kunne da 'yar kora ba abin tashin hankali ba ne; harbin da ba ya ƙarewa shi ne ke sa a raba su. Ingarma ba a sakinsa cikin garke haka kawai.

Mutum da hawa

Sirdi ya jira. A kwanakin farko mutum ɗaya ya riƙa kula da shi a lokaci ɗaya kullum, yana jansa da ragama yana nuna masa iyakar shinge da wurin ruwa tun da rana. A yi masa magana kafin a matso, domin ba ya ganin abin da ke daidai bayansa.

Alamomin natsuwa

Wani dokin kwana uku ya ishe shi, wani sai watanni. Doki na iya gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai zurfi sai ya kwanta, kuma ba ya yarda ya kwanta inda bai aminta ba. Saboda haka masu kula da dawakai kan duba jikinsa da safe. Idan suka ga ɓurɓushin shimfiɗa a gezarsa da wutsiyarsa, ko suka tarar da shi yana birgima a ƙasa, ya miƙe ya karkaɗe jiki ya koma kan ciyawarsa, to daga nan ake fara tunanin ɗaura sirdi.