Sauyin Ingancin Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Tsakanin Damina da Rani a Birni Mai Bunƙasa

Ruwan rijiya yana sauyawa da yanayin shekara. Da damina ƙwayoyin cuta sun fi yawa a cikinsa, da rani kuwa gishiri da ma'adinai ne ke taruwa. Sauyin ya fi tsanani a unguwannin da gine-gine suka riga famfo da magudanar ƙazanta isa, inda kowane gida ke da rijiyarsa da shaddarsa a fili ɗaya.

Duk tsawon rani ƙazantar shadda da bola da kwata tana maƙale a busasshiyar ƙasar da ke saman ruwa. Ruwan sama na farko shi ke wanko ta zuwa ƙasa. Daga nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fara tasowa, ƙasar da ke tace shi kuma tana raguwa, har ya kai ga taɓa gindin ramin shadda, a lokacin kuwa babu sauran tacewa. Shi ya sa ake so a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da shadda, gindin ramin kuma ya ɗara ruwa da mita 1.5. Wannan awo a tsakiyar damina ya kamata a yi shi. Wanda ya auna da rani ya yaudari kansa. A ƙananan filaye ma mita 30 ɗin ba ta samuwa, shaddar maƙwabci tana bayan katanga.

Idan washegarin ruwan sama guga ya fito da ruwa jaja-jaja, laka ta kwanta a gindin bokiti, to ta sama ruwan ya shiga, ta tsagaggen dakali ko bakin da ba murfi. Rijiyar burtsatse ma ba ta tsira ba muddin ba a cike tsakanin bututu da bangon rami da siminti ba, domin ruwan kwata yakan bi jikin bututun ya gangara.

Da rani ruwa yana ja da baya, injina suna ta zuƙa, abin da ya rage sai ya yi zartsi. A biranen gaɓar teku yawan zuƙar yakan jawo ruwan gishiri, kuma korarsa yana ɗaukar shekaru.

Sinadarin naitiret, wanda ke shiga ruwa daga ƙazantar shadda da taki, ba ya bin ƙa'ida ɗaya: a wata rijiyar damina ta ƙara shi, a wata ta surka shi ya ragu. Ba shi da launi ko wari, tafasawa kuma ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 a lita, saboda jariran da ake haɗa wa madara da irin wannan ruwa jininsu yakan kasa ɗaukar iskar oksijin. Ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna cewa bahaya ya shiga ruwa, ko ɗaya ba a yarda a samu a mililita 100 ba.

Gwaji ɗaya a shekara bai isa ba. Ana ɗibar samfuri a ƙarshen rani, da bayan ruwan farko, da tsakiyar damina, kowane karo daga rijiyoyin da aka fara ɗiba. A burtsatse sai a bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci, tsohon da ya kwana a bututu ya fita. Samfurin neman ƙwayoyin cuta ana zuba shi a kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, a ajiye cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa 6.