Kafa masana'antar mota a ƙasar waje

Kafa masana'antar mota a ƙasar waje shi ne kamfani ya kai jarinsa da injinansa da gwanintarsa wata ƙasa ya ƙera motar a can, maimakon ya gama ta a gida ya yi mata lodi a jirgin ruwa. Masana tattalin arziki na kiran wannan zuba jari kai tsaye. Alamarsa na nan a tashar Garwa da titunan Njamena: Hilux sunan Japan take ɗauke da shi, amma da yawa daga cikinsu a Tailan ko Afirka ta Kudu aka ƙera su.

Abin ya daɗe. Ford ya buɗe masana'anta a Manchesta ta Ingila a 1911, Volkswagen ya shiga Brazil a 1953, Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, inda aka riƙa fitar da Fijo 504 da tsofaffin direbobi ke yabo har gobe.

Bayanin masana

Tsohon bayani na David Ricardo ne, a 1817: kowace ƙasa ta riƙe sana'ar da ta fi zo mata da sauƙi, sauran ta saya. Da wannan ake fahimtar yadda audugar Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ke fita daga Garwa, motoci kuma su shigo ta Duwala. Heckscher da Ohlin na Suwidin suka ƙara da cewa sauƙin yana bin abin da ƙasa ke da shi a yalwace, ko ma'aikata ko jari. Sai dai duka biyun kaya suke magana a kai. Ba su faɗi abin da zai sa masana'antar kanta ta yi ƙaura ba.

Raymond Vernon ya taɓo wannan a 1966, ya ce sabon kaya a gida ake fara yin sa, in ya zama gama-gari sai aikin ya koma inda lada ke da araha. Wanda ya fi kama bakin zaren shi ne John Dunning, a 1977. A wurinsa sai abu uku sun haɗu: kamfanin yana da abin da 'yan gida ba su da shi, kamar suna da fasaha; ƙasar tana da abin da ke jan sa, kamar kasuwa ko arahar aiki; sannan ya ga riƙe aikin a hannunsa ya fi ba wani haya, don kada sirrin sana'a ya fita.

Shingen haraji

A harkar mota, babban dalili shi ne shinge, wato haraji ko ƙa'idar da ƙasa ke sa wa kayan waje. A 1981 Amurka ta matsa wa Japan har ta yarda ta taƙaita motocin da take aika mata zuwa miliyan 1.68 a shekara. Shekara ɗaya bayan haka Honda ya fara ƙera Accord a jihar Ohio, Toyota ya buɗe tasa a Kentucky a 1988. Darajar yen, kuɗin Japan, da ta hau bayan 1985 ta ƙara tura su, domin motar da aka biya ladanta da yen ta yi tsada a dala. Haka Nissan ya yi a Sunderland ta Ingila a 1986 don kasuwar Turai. China kuwa a da sharaɗi ta kafa: mai son kasuwarta ya shigo ya yi haɗin gwiwa da kamfanin gida. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa gaban 'yan duwan, wato kwastan, a gadar Kuseri da ke kan iyakar Kamaru da Chadi ya san wannan lissafi, cewa wani lokaci kuɗin ƙetare iyaka ne ke yanke ribar kaya.

Me ya hana yankin Tafkin Chadi?

Nan bayanin Paul Krugman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2008, yake shigowa: masana'anta ba ta cin riba sai tana fitar da kaya da yawa, don kuɗin ginata ya rabu a kan dubban motoci. Maroko ta samu Renault a Tanja a 2012 saboda tashar jirgin ruwa na kusa, Turai kuma na tsallaken ruwa. Ƙasashen CEMAC kuwa, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi ke ciki, shida ne, kasuwar sabuwar mota a cikinsu ƙarama ce, mafi yawan masu saye 'yar Baljiyam suke nema. Ga nisa: kaya su sauka Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan tirela ta bi da su Garwa, Marwa, Kuseri, tafiyar kusan kilomita 1,800 kafin Njamena. Ga kuma matsalar wuta. Abin takaici ne, domin yankin ba ya rasa ƙwararrun kanikawa, waɗanda ke tayar da injin da masu shi suka yanke ƙauna.

Abin da ke akwai a yanzu ƙaramin samfurin wannan tsari ne. Baburan China kan iso cikin kwali, taya daban, kai daban, sai kanike da yaransa su zauna a bakin kasuwa da sifana su ɗaure su, mai babur ya hau ya tafi neman fasinja.