Bidiyon taimlaps da kamara mai tafiya: tambayoyi da amsoshi

Mene ne bambancinsa da taimlaps na yau da kullum?

A wanda aka saba, ana kafa kamara wuri guda tana ɗaukar hoto bayan kowace 'yar daƙiƙa, sai a jera hotunan su gudu kamar bidiyo. A nan kuwa kamarar ma tana gusawa. Idan gajeriyar tafiya ce a kan sandar ƙarfe mai inji, sandar ake kira silaida. Idan mai ɗauka ne ke takawa mita hamsin ko ɗari, sunansa haifalaps.

Hoto nawa zan ɗauka?

Bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa yana cin hoto 250 kafin ya ba ka daƙiƙa goma. In kana ɗauka bayan kowace daƙiƙa huɗu, aikin kusan minti 17 ke nan. A silaida mai tsawon mita ɗaya, kamarar za ta riƙa matsawa milimita huɗu kacal tsakanin hoto da hoto.

Ana ɗauka ne kamara na cikin motsi?

A'a, kuma nan ne sababbin hannu suke tuntuɓe. Ka matsa, ka tsaya, ka bar girgiza ta lafa, sannan ka danna. Da dare, inda hoto ɗaya ke iya cin daƙiƙa biyu ko fiye, ƙaramin motsi ya isa ya dama komai.

Ba ni da silaida, yaya zan yi?

Ƙafarka ta isa. Zaɓi abu guda da ba ya motsi, misali kan hasumiyar Gobarau a Katsina, ka ɗora shi a kan mahaɗar layukan da ke fuskar kamararka. Kowane taku, ka mayar da shi daidai wurin kafin ka ɗauka. Takun ma ya zama iri ɗaya; wasu kan bi layin tayil ko bakin kwalta, wasu su auna da tsawon takalminsu. Duk ƙoƙarinka sai bidiyon ya ɗan yi rawa, shi ya sa ake bi da shi ta Warp Stabilizer, abin rage rawar bidiyo da ke cikin manhajar Adobe. Amma manhajar tana yanke gefen hoto, don haka ka bar fili a gefe tun wajen ɗauka. Mutane kuma za su taru suna kallon mai taku ɗaya ya tsaya, sai haƙuri.

Me ya sa haske ke ƙyafta-ƙyafta a nawa?

Saboda ka bar kamara tana zaɓa wa kanta haske ne. Saita komai da hannu, har da fokas da daidaiton launi. Da rana tsaka ka sa gilashin ND mai rage haske, domin motoci da masu wucewa su ɗan ja jela maimakon su riƙa tsalle.

Waya fa?

Tana yi. iPhone ta samu taimlaps tun 2014, shekarar da Instagram ya fitar da manhajar Hyperlapse, wayoyin Samsung ma suna da nasu. Sai dai yawanci ita ke yanke maka tazarar hotuna. Ni da damina na fi son ɗauka, lokacin da hadari ke gudu a sama. Hazon hunturu yakan bar sama fari fat, ga ƙura kuma tana shiga gilashi.