Aikin gyaran tsarin hukunta masu laifi bisa hujja

Wannan fanni ne na aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu da jami'o'i suka fi riƙewa, musamman a Amurka da Ingila. Ka'idarsa ita ce kafin a taɓa dokar beli ko yadda 'yan sanda ke kame ko zaman gidan yari, sai an gwada an ƙirga tukuna, a ga ko abin yana rage laifi da gaske ko dai daɗin baki ne kawai.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Vera Institute of Justice da Herbert Sturz da Louis Schweitzer suka kafa a New York a 1961. Ma'aikatansu kan je wajen wanda ke tsare yana jiran shari'a su tambaye shi yana da aikin yi, yana da iyali, shekara nawa ya yi a inda yake zaune, in suka gamsu sai su ba alƙali shawarar a sake shi ba tare da kuɗin beli ba, kuma mafi yawan waɗanda aka saki da ƙafarsu suka dawo kotu. Wannan gwajin na cikin abin da ya kai ga dokar gyaran beli ta Amurka ta 1966.

Hujja kan ƙaryata kyakkyawar niyya ma. Akwai shirin Scared Straight inda ake kwasar yara masu ƙiriniya a kai su gidan yari fursunoni su tsorata su wai ko za su shiryu. Da masana na Campbell Collaboration, ƙungiyar da ke nazarin sakamakon bincike-bincike, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, sai ga shi yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. Abin tausayi ne wallahi, don rayuwar yara ce aka yi ta gwaji da ita.

Ayyukan wannan fanni ba na lauyoyi kaɗai ba ne. Lauyoyi kam suna nan, kamar a Innocence Project da Barry Scheck da Peter Neufeld suka buɗe a 1992 suna wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure da gwajin DNA, ko Equal Justice Initiative ta Bryan Stevenson mai kare fursunoni marasa galihu a Alabama tun 1989. Amma ana neman masana ƙididdiga da na kwamfuta masu tsefe bayanan kotu, da masu rubuta takardun neman tallafi, da tsofaffin fursunoni da suka san ciwon daga ciki. Albashin yawanci bai kai na manyan kamfanonin lauyoyi ba, kuma in tallafi ya yanke aiki na iya tsayawa.

Ita ma ƙididdigar ana tuhumar ta. A 2016 'yan jaridar ProPublica suka binciki manhajar COMPAS mai hasashen wa zai sake laifi, suka ce ta fi yi wa baƙaƙen fata kuskuren sa su a sahun masu haɗari, kamfanin da ya ƙera ta ya musanta, har yau masana na jayayya a kan me ake nufi da adalci a irin wannan lissafin.