Wai "tauraro" ne aka sayar a New York?

Tun da aka yi gwanjon wani dutse da ya faɗo daga sama a yankin Agadas na Nijar, a birnin New York a watan Yulin 2025, kalmar mitiyorait ta cika gari, kuma abin da ke ban haushi shine yadda ake ta cewa a rediyo wai tauraro ne ya faɗo a Nijar. Jama'a tauraro fa irin rana ne, dunƙulen iska ce mai ci da wuta, ranarmu kaɗai ta ninka duniya girma fiye da sau miliyan, ina zai faɗo? Mitiyorait dutse ne ko ƙarfe da ya taso daga sararin samaniya ya ratsa iskar duniya bai ƙone duka ba har ya iso ƙasa, shikenan.

Wasu kuma sun ɗauka zinari ne ko daiman a cikinsa shi yasa kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi dala miliyan 5.3. Babu ko ɗaya. Narkakken dutse ne na aman wuta da ya huce ya daskare, kilo kusan 25, ma'adinan cikinsa irin na baƙin dutsen da muka sani ne, masu ƙarfe da magniziyam. Tsadarsa daga asalinsa take, daga duniyar Mars ya zo, kuma irinsa da aka taɓa samu kusan 400 ne kacal.

To nan ne masu musu ke cewa wa ya je Mars ya ɗauko? Ba wanda ya je. Wani ƙaton dutse ne ya daki Mars da ƙarfi ya watso ɓaraguzai sama, suka yi ta yawo miliyoyin shekaru kafin wani ya faɗo mana. Hujjar ma ta biyo ta Katsina. Ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a ƙauyen Zagami da ke Katsina, dab da wani manomi yana korar hankaki a gonarsa. Da dukan nan ya faru a Mars, wasu wurare a jikin dutsen sun narke sun koma gilashi suka kulle 'yar iska a ciki, da masana suka auna ta sai ta dace da iskar da na'urorin Viking na Amurka suka auna a Mars a 1976, ba irin tamu ba. Ga shekaru kuma, yawancin duwatsun da ke faɗowa sun kai shekara biliyan 4.5, na Zagami kuwa bai wuce miliyan 180 da daskarewa ba, wato ya fito daga babbar duniya wadda cikinta ya daɗe da zafi tana aman wuta. Har ɗan guntunsa aka saka a kumbon Mars Global Surveyor a 1996 aka mayar da shi can.

Ni dai a ganina dutse irin wannan ba hajar kasuwa ba ce kamar zinarin da ake haƙowa a Djado ta arewacin Nijar, kayan bincike ne, kuma na goyi bayan gwamnatin Nijar da ta buɗe bincike kan yadda na Agadas ya fita daga ƙasar. Na Zagami an yayyanka shi gunduwa-gunduwa guntayensa da dama suna hannun masu tarawa a ƙasashen waje.