Ƙaramar Mujalla a Gaban Dokoki Biyu: Abin da Ghana Ta Ɗora wa Mawallafi Game da Tsaron Bayanai

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin ƙaramar mujalla a unguwar Nima ko Maamobi da ke birnin Accra ya san yanayinsa: ɗaki ɗaya a saman shago, kwamfutar tafi-da-gidanka guda da edita da mai tsara shafi da yaron karɓar talla suke karɓa-karɓa a kanta, kalmar sirri a rubuce a bayan kalanda, sai kuma filash da ake kai wa maɗaba'a a New Town duk ƙarshen wata. Masu irin waɗannan mujallu sukan ɗauka cewa maganar tsaron intanet ta bankuna ce da kamfanonin waya, tunda su ba su da dukiyar da ɓarawo zai yi wa kwaɗayi. Doka ba ta kallon al'amarin ta wannan fuska, domin abin da take tambaya shi ne ko bayanan mutane suna hannunka, kuma a cikin waccan kwamfuta akwai sunayen masu biyan kuɗin mujalla, da lambobin wayarsu, da unguwanninsu, da tarihin kuɗin da suka turo ta waya, wani lokaci ma har da hoton katin ɗan ƙasa na masu ba da talla.

Dokoki biyu ne suka fi shafar mawallafi a nan. Ta farko ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai, kuma tushenta yana cikin sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 da ya tabbatar wa kowa haƙƙin sirrin gidansa da wasiƙunsa da sadarwarsa. Ta biyu ita ce Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, wadda Shugaba Nana Akufo-Addo ya sa wa hannu a watan Disamba na 2020, kuma da ita aka kafa Hukumar Tsaron Intanet da aka fi sani da CSA, wadda ta fara aiki a 2021. Hukumomin biyu ba ɗaya ba ne, ƙofarsu dabam, kuma sauke nauyin ɗaya ba ya ɗauke na ɗayar.

A ƙarƙashin dokar 2012, duk wanda yake yanke shawara kan dalilin tattara bayanan mutane da yadda za a yi amfani da su ya zama mai iko da bayanai, kuma wajibi ne ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya riƙa sabunta ta bayan kowace shekara biyu. Dokar ba ta keɓe wajibin ga manyan kamfanoni ba. Mai mujalla da ke da jerin masu karatu ɗari uku ya shiga cikinsa kamar yadda kamfanin inshora ya shiga, kuma wanda ya ci gaba da sarrafa bayanai ba tare da rajista ba ya aikata laifin da hukuncinsa zai iya kai tarar ma'auni 250, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Da yake kowane ma'aunin tara sidi 12 ne, jimillar ta kama sidi 3,000. Wasu mawallafan sukan ce ai sun yi rajista, alhali abin da suke nufi shi ne rajistar sunan mujalla a Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, wadda ba ta da alaƙa da wannan ko kaɗan.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne batun sassaucin da aka yi wa aikin jarida, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Gaskiya ne Kundin Tsarin Mulki, a sashe na 162, ya hana a gindaya wa jarida ko mujalla sharaɗin lasisi kafin ta fito, kuma gaskiya ne sashe na 64 na dokar 2012 ya sassauta wa aikin jarida da adabi da fasaha idan mawallafi yana da dalili mai ma'ana na ganin cewa wallafawar tana cikin maslahar jama'a. Da babu wannan sassauci, da babu ɗan jaridar da zai iya bincike a kan wani babba sai da izinin babban. Sai dai sassaucin yana da iyaka ta fuska biyu. Ya shafi abin da ake tattarawa domin a wallafa ne kawai, don haka jerin masu biyan kuɗi da takardun albashin ma'aikata da bayanan masu talla suna waje da shi, tunda kasuwanci ne zalla. Sannan ko a cikin aikin jaridar kansa, sashe na 64 ya fito fili ya ce ba a ɗauke wa kowa wasu ƙa'idoji ba, daga cikinsu har da taƙaita abin da ake karɓa ga iya buƙata da kuma tsare shi. Editan da ya ɗauki muryar wata mata da ta tona asirin wata almundahana bisa alkawarin sakaya sunanta yana da damar riƙe muryar, amma ba shi da uzurin barin ta a wayar da ba ta da makulli, wadda 'ya'yansa suke wasa da ita da yamma. A ganina wannan ne sashen da ya fi dacewa ɗan jarida ya yi maraba da shi, domin amana ce da sana'ar ta riga doka sani.

Sashe na 28 na dokar 2012 ya buƙaci a ɗauki matakan da suka dace, na na'ura da na tsarin aiki, don hana ɓacewar bayanai ko lalacewarsu ko faɗawarsu hannun wanda ba shi da izini. Bai ambaci sunan wata manhaja ba, ya dai ce a gano haɗurran da hankali zai iya hangowa, a yi musu rigakafi, a riƙa duba ko rigakafin yana aiki. A wancan ɗaki na saman shago, ma'anar wannan ita ce kowane ma'aikaci ya samu nasa asusun da kalmar sirrinsa, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tabbatarwa kafin a shiga asusu, a imel da WhatsApp da shafin Facebook na mujallar, a ajiye kwafin fayiloli a wurin da ba ya haɗe da kwamfutar, kuma ranar da aka rabu da ma'aikaci a rufe masa hanya kafin ya kai bakin titi. Yawancin waɗannan ba sa cin ko sisi, kulawa kawai suke ci.

Haka nan idan aka miƙa bayanai ga wani don ya yi aiki a madadin mujalla, kamar matashin da ke kula da shafinta na intanet ko mai babur da aka ba wa jerin adireshi don rabawa, dokar ta buƙaci yarjejeniya a rubuce wadda ta ɗora masa tsare sirri. A zango mun saba da cewa ɗan uwa ne, ko ɗan maƙwabci ne, kuma neman sa hannunsa yakan yi kama da zargi, amma idan abu ya ɓaci mawallafi za a fara tambaya. Shi kuwa ɗan kasuwar da zai zo ya ce a ba shi lambobin masu karatu don ya tura musu tallan tafiya Umara ko na fili, amsar da doka ta tanada ita ce a'a, domin sashe na 40 ya hana amfani da bayanan mutum wajen talla kai tsaye sai da izininsa a rubuce tun da farko, sayar da bayanan kuwa laifi ne mai zaman kansa. Wani abin lura ga mujallun addini shi ne dokar ta sanya aƙidar mutum da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa da lafiyarsa da bayanan yara cikin bayanai na musamman masu tsauraran sharuɗɗa.

Yanzu a ƙaddara cewa wata Asabar da safe an kira edita, mai kiran ya yi masa sallama cikin ladabi, ya ce, "Malam, an shirya taron ƙungiya ta intanet, lamba shida za ta shigo wayarka, don Allah ka karanto min ita." Ya karanto, bai san lambar shiga asusunsa ba ce, kuma kafin azahar asusunsa na WhatsApp ya koma hannun wani, ana ta aika wa masu talla saƙo da sunansa cewa an sauya lambar da ake biyan kuɗi. Wannan salon damfara sananne ne, kuma CSA ta sha yin gargaɗi a kansa. Daga lokacin da editan ya gane abin da ya faru, agogo biyu ne suka fara ƙirga masa lokaci.

Na farko na dokar 2020 ne. Sashe na 47 ya ce wanda ke jagorantar wata cibiya ya kai rahoton harin intanet ga rundunar ɗaukin gaggawa ta fanninsa ko ta ƙasa cikin awa 24 da gano shi, kuma rashin yin haka yana jawo tara. Manyan wajibai na dokar, irin su rajistar na'urori da binciken ƙwararru, an ɗora su ne kan masu muhimman kayan sadarwa na ƙasa a fannoni 13 da aka ayyana a 2021, kamar banki da lafiya da makamashi, kuma ƙaramar mujalla ba ta cikin wannan sahu. Amma lafazin wajibin kai rahoto yana da faɗi, kuma shawarata ita ce mawallafi ya ɗauke shi a matsayin nasa, musamman da yake hanyar ba ta da wuya: ana kiran lamba 292 ko a tura mata saƙo. Kafin nan kada a goge komai, a ɗauki hoton saƙonnin da lambobin da aka yi amfani da su, domin su ne hujja. Idan kuma za a ɗauko wanda zai binciki kwamfutar, a tambaye shi takardarsa, tunda daga watan Maris na 2023 CSA ta fara ba masu wannan sana'a lasisi da shaidar ƙwarewa.

Agogo na biyu na dokar 2012 ne, kuma shi ne ya fi nauyi ga zuciya. Sashe na 31 ya ce idan akwai dalilin zaton cewa wanda ba shi da izini ya samu bayanan mutane, dole ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai, a kuma sanar da su mutanen da abin ya shafa, da zarar hali ya yi, sai fa idan jami'an tsaro ko Hukumar sun nemi a dakata don kada a ɓata binciken laifi. Al'adarmu ta rufin asiri takan ja mutum ya yi shiru ya gyara a ɓoye, sai dai a nan shirun yana nufin Hajiyar da ta saba biyan kuɗin talla duk wata za ta tura kuɗinta ga ɓarawo tana zaton edita take biya. Sanarwar a rubuce ake yin ta, da bayanin da zai ishi mutum ya kare kansa, kuma hanyoyin da dokar ta lissafa sun haɗa da wasiƙa, da imel, da wuri bayyananne a shafin intanet, da wallafawa a kafar yaɗa labarai, wato abin da mai mujalla ya fi kowa iko da shi. Wanda ya cutu saboda an saɓa wa dokar yana da damar neman diyya a ƙarƙashin sashe na 43, kuma diyyar ta shafi asarar dukiya da ɓacin ran da aka jawo masa.