Waiwaye: Yadda ƙungiyoyin agaji suka miƙa bayanan jama'a ga rumbunan intanet

Kafin shekarar 2006, ƙungiya mai zaman kanta da ke son adana sunayen masu ba ta gudummawa da na mutanen da take taimaka wa, yawanci babbar kwamfuta take saye ta ajiye a wani ɗaki na ofishinta, kuma duk ranar da gobara ta tashi ko na'urar ta lalace, aikin shekaru ya salwanta. A wannan shekarar ce kamfanin Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfuta ta intanet, tsarin da ake wa laƙabi da "girgije", wanda a zahiri manyan gine-gine ne cike da na'urori, mallakar wani kamfani, a ƙarƙashin dokar wata ƙasa.

Araha ce ta ja ƙungiyoyin. Google ya buɗe musu shiri na musamman a 2011, Microsoft ya fara ba su manhajojinsa na aikin ofis, wato Office 365, kyauta ko da rangwame a 2013, sannan annobar korona ta 2020 ta tilasta wa masu jan ƙafa su bi sahu, tun da ma'aikata sun koma aiki daga gida. Ba a musun amfanin da aka samu, domin ma'aikacin da ke sansanin 'yan gudun hijira yana iya shigar da bayani da wayarsa, hedikwata ta gani nan take.

Sai dai an yi wannan ƙaura ba tare da an tsaya an tantance wanda tsaro ya rataya a wuyansa ba. Kamfani yana kare gininsa da na'urorinsa, amma kalmar sirri, da wanda aka ba izinin shiga, da sabunta manhaja, sau da yawa suna hannun ƙungiyar ne, alhali masu ba da tallafi sun saba ɗaukar irin wannan kashe kuɗi a matsayin hidimar ofis da ya kamata a rage. A nan nake ganin tushen matsalar yake.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A 2020 masu kutse suka kwashi bayanai daga Blackbaud, kamfanin Amurka da ke riƙe wa dubban ƙungiyoyi da makarantu da asibitoci bayanan masu ba su gudummawa. Kamfanin ya biya kuɗin fansa, bai sanar da abokan hulɗarsa ba sai a watan Yuli, kimanin wata biyu bayan ya gano, kuma a 2023 ya amince ya biya dala miliyan 49.5 ga jihohin Amurka 49 da birnin Washington. Ƙofa ɗaya aka ɓalla, gidaje masu yawa suka buɗe.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa, wanda ya sanar a Janairun 2022 cewa an shiga kwamfutocin da wani kamfani a Suwizalan yake riƙe masa, an kai ga bayanan mutane sama da 515,000, cikinsu har da fursunoni da waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. Ta wata ɓaraka a manhajar da ba a sabunta a kan lokaci ba aka shiga. Mai ba da gudummawa yana iya sauya katin bankinsa, amma wanda ya gudu daga masu neman ransa ba zai sauya sunansa da na 'ya'yansa ba, kuma lokacin da ya ba da bayanin, yunwa ko neman ɗan'uwa bai bar masa damar cewa a'a ba.

Dokoki ma sun ja ta fuska biyu a shekara guda. A Mayun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi kutse, yayin da a Maris na shekarar Amurka ta yi dokar da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a ƙetare aka ajiye su. Ƙungiyar da aikinta ya dogara ga rashin ɗaukar ɓangare dole ta damu da wannan.

Red Cross ta buɗe ofishin harkokin intanet a ƙasar Luksambag a 2022, ta kuma gabatar da shawarar samar da tambarin kariya na intanet, kwatankwacin wanda ake liƙa wa motar asibiti a fagen daga. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa, waɗanda su ne suka fi kusa da jama'a, da yawansu har yanzu ba su da ma'aikaci ko ɗaya da aka ɗauka domin tsaron bayanai.